Sarakunan Rum a Ramin Masai

A shekarar da mutanenmu suka gudo daga Mubi, gidan da muke haya a unguwar Ajiya da ke Jimeta ya cika har ya batse. Ni da maigidana da yara muka matsu a ɗaki ɗaya, mata suka kwashe falo, samari suka baje tabarmi a baranda. Wasu 'yan uwa ne na jini, wasu kuwa mota ɗaya kawai suka hau da 'yan uwan, aka sauke su a ƙofarmu, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce su wuce sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Abinci dai mun san yadda muka yi da shi. Masai ne ya gagare mu. Guda ɗaya ne a gidan, kuma ba don runduna aka gina shi ba.

A cikin baƙin akwai Bappa, yayan mahaifina, da matarsa da muke kira Dada. Bappa tsohon hedimasta ne, tarihi ya koyar har ya yi ritaya. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogo. Amma tun da ya iso gidanmu bai ce komai ba sai amsa gaisuwa. Ya baro littattafansa duka, ya baro tabaraunsa, ya zo da rigar jikinsa kaɗai. Kullum yana bayan gida a kan kujerar roba, kusa da kututturen wani mataccen lemun tsami, yana kallon katanga. Dada, wadda ta shekara da shekaru tana roƙonsa ya yi shiru, ita ce ta fi kowa damuwa.

Masu gidan maƙwabtanmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mama tsohuwar nas ce 'yar Numan, mijinta Baba kuma malamin gona ne da ya ajiye aiki. A gidan namu suka fara zama kafin su gina na kusa. Na je na gaya wa Baba halin da muke ciki, ya ce, ba tare da ya rage rediyonsa ba, mu tona sabon rami duk inda muka ga dama. Wurin da ya rage a gidan shi ne gindin mataccen lemun nan. Aka ɗauko masu haƙa biyu, aka matsar da Bappa da kujerarsa gefe kamar tukunyar fure.

Ba su kai zurfin gwiwa ba ɗayansu ya ɗago da wani abu a shebur, ruɓaɓɓiyar fata da ta dunƙule da ƙasa. Ya murje ta, wasu 'yan ƙananan abubuwa suka zubo.

"Madam, ga maɓallan riga nan," in ji shi.

Kore-kore ne, wasu baƙi, babbansu bai wuce farcen babban yatsa ba, dukansu kuma ba su cika tafin hannu ba. Har na ce ya watsar, sai na ji murya a bayana.

"Kawo nan."

Na waiga ina neman mai maganar, don na manta yadda muryar Bappa take. Ya karɓa, ya tofa wa ɗaya yawu, ya goga a hannun rigarsa, ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa. Ya aika aka aro tabarau na Dada na zura allura, ya ɗora na maigidana a kansa, ya fito rana da tabarau biyu a hanci.

"Wannan ba kobon Bature ba ne, ba shi da huji. Ba na Larabawa ba ne, ga kan mutum. Dubi abin da ya ɗaura a goshi. Dubi hancin." Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Rumawa ne."

"Rumawan ina?" in ji Dada.

"Na Rum mana. Akwai wasu ne?"

Daga nan bai sake yin shiru ba. Dada ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito tana dariya, ta ce masa ya rage murya yara na barci.

Don ta nuna farin cikinta ne ta yi masa aikin da bai sa ta ba. Washegari, yana masallaci, ta zaɓi mafi girma a cikinsu, ta haɗa masa toka da lemun tsami da soson ƙarfe kamar yadda take yi wa gindin tukunya. Ya fito fes, jawur, yana walƙiya. Babu sarki, babu rubutu, babu komai. Ta miƙa masa a kan faranti.

Bappa ya juya shi gaba da baya, ya zauna a ƙasa.

"Wannan bawan Allah ya yi fiye da shekara dubu a kwance, ƙasa ba ta ci fuskarsa ba. Ke kin cinye ta kafin a ɗora koko."

"To ai datti ne da shi."

"Dattin shi ne tarihin!"

Ni a raina ban yarda da zancen Rum ba. Amma ina aikin buga takardu a sakatariya, akwai intanet a ofis in an kawo wuta, sai na ɗauki hotunansu da waya na saka a wani dandali na masu tara tsofaffin kuɗi, ina jiran a ce mini maɓalli ne in san yadda zan lallaɓa Bappa. Wani dattijo daga Turai ya amsa. Ya ce na gaske ne, tagulla ce ta ƙarshen zamanin Rum, irin canjin da talaka ke sayen burodi da shi. Ya ce a ƙasashensu manoma na tono irinsu da yawa, ba su da wata tsada. Sannan ya tambaye ni inda aka same su. Na ce Yola. Ya ce wace Yola? Da na yi masa bayani, ya ce lallai wani ne ya kawo su.

Na karanta wa Bappa. Ya buga cinya.

"Ai wani ne ya kawo su! Barume!"

Dattijon ya koya mana yadda ake rubuta bayanin kowane ɗaya: faɗinsa, nauyinsa, abin da ke gaba, abin da ke baya, da 'yan haruffan can ƙasa masu nuna garin da aka buga shi, sai kuma inda aka tsince shi. Ya ja kunnenmu kada mu kuskura mu sa musu wani abu mai tsami, sai ruwa da tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace. Ban gaya masa labarin Dada ba. Bappa ya yayyanka kwalin taliya ya yi katuna, ya ƙwace rular babbar 'yata ta makaranta. Nauyi kuwa sai da muka je kasuwar Jimeta wurin mai sayar da gwal, wanda ya tarbe mu da lemon kwalba, ya kunna fanka, har ya ga abin da Bappa ya kwance daga hankici, ya kashe fankar.

Sannu a hankali fuskoki suka fito. Matsalar ita ce dukansu kamar mutum ɗaya ne. Dattijon ya ce wani sarki ne da 'ya'yansa, sunayensu kusan iri ɗaya, a ƙarshen sunan kawai ake bambanta su. A kowane kwabo kuma, daidai ƙarshen sunan ne ya cinye. Bappa ya gaji ya raɗa musu nasa: Mai Dogon Hanci, Mai Wuyan Zabuwa, Mai Fushi. Wanda Dada ta wanke aka sa masa Sanƙo, shi ma aka yi masa kati, a gaban "abin da ke gaba" Bappa ya rubuta: a tambayi matata.

Bayan kuɗin ya fi gaban daɗin kallo. Akwai mai sojoji biyu a tsaye da tuta a tsakaninsu. Akwai mai wata dabba da jarirai biyu a ƙarƙashinta.

"Karya ce ke shayar da yara?" in ji Dada. "Ina uwarsu? Ina dangin uban?"

Bappa ya ce kerkeci ne, kuma labarin yana da tsawo. Ta ce a bar shi. A ƙasan wani muka karanto haruffa uku, A da L da E. Kafin in duba ma'anarsu Dada ta yanke hukunci cewa na wani Alhaji ne, a nemi magadansa. Da aka ce Iskandariya ce ta Masar, ta ce to ai hanyar Makka ce, maganarta na nan.

Wanda ya fi yawa a cikinsu kuwa soja ne yana soke wani mahayi da ya faɗo daga doki. Dada ta karɓi tabaraunta ta daɗe tana kallonsa.

"Su ma haka suka yi ta fama?"

"Haka," in ji Bappa. "Har suka buga shi a kuɗin burodi."

Ta mayar masa, ta tashi ta je ta duba tukunya.

Duk wannan lokacin ramin yana nan iya gwiwa. Bappa ya sallami masu haƙa, ya ce ba za a ƙara saka shebur ba sai an tankaɗe ƙasar. Ya kakkafa turaku, ya ja igiyar shanya ya raba ramin gida-gida, ya ɗauke rariyar garin tuwo. Da safe layin masai yana kaiwa har ƙofar kicin, kowa da butarsa, kowa na kallon Bappa a tsugune cikin ramin da aka haƙa don ceton su, yana tankaɗe da cokali. Maigidana ya ce in yi masa magana. Na ce shi ya yi, ai surukinsa ne. Ba wanda ya yi. Mutumin da ya yi makonni bai ce uffan ba yanzu yana waƙa, wa zai hana shi?

Ra'ayinsa kuma kullum ƙara girma yake. Da farko ɗan kasuwa ɗaya ne ya ɓata hanya. Kafin mako ya zagayo ya zama ayari, sun keto Sahara, sun huta a Tafkin Chadi, sun gangaro Binuwai, sun tsaya a Jimeta sayen kifi. Yana shirin ya rubuta wa jami'a.

Lokacin kowa a tsorace yake. Ana laluben mutum a ƙofar kasuwa, ba a barin jaka a bakin masallaci. Wani da ke bene a bayanmu ya leƙo ya ga baƙo daga Mubi a cikin rami, ga igiyoyi, ga turaku, ga wasu ƙananan ƙarafa a jere a kan tire. Da hantsi sai ga 'yan banga da bindigogin adaka, layu har gwiwar hannu. Mata suka kwashe yara suka yi ɗaki.

Shugabansu ya tsaya a bakin ramin, ya dubi Bappa. "Baba, me ake binnewa a nan?"

"Ba binnewa ake ba, tonowa ake. Madalla da kuka zo. A kawo musu benci."

Ya faro musu daga kafuwar birnin Rum. Ya bi da su ta jariran nan da kerkeci, ya miƙa wa kowa tabarau biyun ya duba. Da aka iso Sahara shugaban ya miƙe, ya ce sun gamsu, a yi haƙuri. Bappa ya riƙe masa hannun riga ya ce saura Tafkin Chadi. Rana ta take, ɗayansu ya fara gyangyaɗi a kan bindigarsa. Daga ƙarshe shugaban ya ce yana so ya kewaya. Aka nuna masa layi. Ya dubi layin, ya dubi ramin, ya ce wa Bappa, "Baba, don Allah ka bar bayin Allah su gama aikin nan," suka fice, ba su ko sha ruwan da aka kawo ba.

Wasu 'yan kuɗin sun ƙi fita da ruwa, ƙasa ta manne musu kamar siminti. Dattijon Turai ya ce a jiƙa su a man zaitun. Na tuna Mama tana da shi, takan shafa wa marasa lafiya in za ta yi musu addu'a, sai na leƙa ta katanga na roƙi kaɗan. Ba ta miƙo ba. Ta zagayo da kanta da kwalbar, da jakar awon jini.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ba kowa, Mama. Sarakuna za mu jiƙa."

Na kai ta bayan gida. Bappa ya ji daɗin samun sabon kunne, ya ɗauko tire ya fara. Mama ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta ɗauki Mai Wuyan Zabuwa, ta ajiye. Ta ɗauki ruɓaɓɓiyar fatar da Bappa ya adana a gefe, ta juya ta, ta nuna wani ɗan zare ja da ya saura a bakinta.

"Wannan kayana ne."

Bappa ya yi murmushi irin na malami. "Haƙiƙa filin naku ne, amma a ƙa'idar tarihi..."

"Malam, ni na saye shi. A Urushalima. Da hannuna."

Ashe shekarun baya, suna zaune a gidan nan, ta je ziyarar ibada. A wani shago ta sayi 'yar jakar fata da tsofaffin kuɗi, mai shagon ya ce na zamanin Kiristocin farko ne. Ta kawo su gida ta sa a durowa, tana nuna wa baƙi. Rana ɗaya ta nema ta rasa. A makon kuma ƙanwarta ta zo daga Numan ta kwana biyu. Mama ta ce ita ce. Ƙanwar ta rantse, Mama ta ƙi ji. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba, ko a jana'iza kowa da nata benci.

Ta tsaya tana kallon kututturen lemun. Sai ta juya wajen katanga ta ɗaga murya.

"Baban yara! Zo nan. Bar rediyon."

Baba ya shigo da rediyon a hannu. Ya ga ramin, ya ga kututturen, ya ga tiren. Na ga ƙafarsa ɗaya ta koma baya.

"Yaya kayana ya zo ƙarƙashin lemunka?"

Ya yi gyaran murya. "Lemun ne ya ƙi yin 'ya'ya. Ganyen ya yi ɗorawa. In itace ya yi haka, ƙarfe yake so. Na nemi ƙusa ban samu ba, sai na ga wasu tsofaffin ƙarafa a durowa, duk sun yi tsatsa..."

"Ka ji ina zagin ƙanwata, ka yi shiru?"

"Lokacin da na gane su kike nema, maganar ta riga ta yi nisa."

Layin masai ma ya juyo gaba ɗaya yana kallo. Dada ce ta yi tambayar.

"To lemun ya yi 'ya'yan?"

"Ya mutu," in ji Baba.

"Tagulla ce ai, ba ƙarfe ba," in ji Bappa a hankali, kamar mai ta'aziyya. Sannan ya matso kusa da shi. "Da ka tona, ba ka tarar da wasu a ƙasan ba? Ko guda ɗaya? Ka tuna da kyau."

Baba ya ce bai tarar da komai ba sai tana.

Mama ta tasa mijinta gaba suka fita. Abin da ya biyo baya mun ji shi ta katanga, da yarensu, ba ma bukatar tafinta. Bappa kuwa ya cire tabarau biyun ya mayar wa masu su, ya koma kan kujerar roba. Na ce shi ke nan, mun sake rasa shi.

Bayan la'asar ya kira ni, ya ce in kawo katunan da biro. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙasan kowanne ya ƙara layi: hanyar zuwansa Jimeta, jirgin sama.

"Rubutu ba ya son ƙarya," in ji shi. "Amma ki lura, ban yi kuskure a kan Rum ba. A kan Sahara ne kawai." Ya ajiye biron. "Kuma ba a tabbatar ba su zo ba. An dai tabbatar ba su zo gidan nan ba."

Da kansa ya cire turakun. Washegari masu haƙa suka dawo, kafin Juma'a an rufe ramin an zagaye shi da kwano. Ban taɓa ganin an yi murnar buɗe masai kamar wannan ba, har da mai guɗa.

Mama ta ce kuɗin su zauna wurin Bappa har ya gama aikinsa, ta bar masa man zaitun ɗin duka. Shi kuma ya sami sabon bincike. Kullum da yamma ya ɗauki kujerarsa ya zagaya gidansu, yana tambayarta wane shago ne, a wane titi, mai shagon dogo ne ko gajere. Ita ma ashe ta daɗe tana neman wanda zai saurari labarin tafiyar nan daga farko, don mutanen gidanta sun haddace shi. Su biyun suka dace. Baba ne ke kawo musu shayi, ba ya zama.

Da hanya ta yi sauƙi Mama ta sayi atamfa, ta sa Baba a mota suka tafi Numan, ta ce da bakinsa zai faɗa. Suka dawo da ƙanwar, wata doguwar mata mai sanda, wadda ta ce ba za ta yafe ba sai ta ga abin da aka ce ta sata. Bappa ya jera mata su a tire, kowanne a kan katinsa, ya buɗe baki zai fara. Ta ɗaga masa hannu. Ta sunkuya ta dube su, ta ɗago ta dubi yayarta.

"Saboda wannan? Ni da na ɗauka gwal ne. Da sata zan yi, ai da rediyon mijinki na ɗauka, kowa ya huta."

Suka rungume juna suna kuka, Baba yana tsaye a bakin ƙofa da jakunkuna.

Da aka fara komawa Mubi, Bappa da Dada suna cikin na farko. Sun tarar da rufin gidan ya ƙone, littattafan sun zama toka. Ya mayar wa Mama kuɗinta kafin ya tafi, katunan ya tafi da su, ya ce su ne farkon sabon ɗakin karatunsa. Gyaran gidan ya ɗauki lokaci fiye da na kowa a layinsu, don magina biyu sun gudu, sun ce ba za su iya aiki da mutumin da ke bin kowane shebur da rariya ba.

Yanzu ya tsufa sosai, amma jikokinsa sun yi kuskuren saya masa babbar waya. Hotuna yake turo mini, rabinsu babban yatsansa ne. Kwanan baya ya turo wani abu zagayayye, baƙi, ya kira ni tun ban gama buɗewa ba, ya ce a gona aka tsinta, yana ganin alamar rubutu a gefe, in tambayi mutanen Turai. Na ƙara girman hoton na duba da kyau.

"Bappa, wannan murfin batirin tocila ne."

Ina jin Dada tana dariya a bayansa.

"To," in ji shi, "na wace shekara?"